Bindigar Da Ke Ƙarƙashin Riga

A ƙasar Amurka akwai wata tambaya da ake yi kullum a kantunan makamai, kamar yadda ake tambayar kuɗin gishiri a kasuwa: wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya soke a ƙugu, ya saki riga bisanta, ya shiga cikin jama'a da ita safe da yamma ba wanda ya sani? Mai kanti ba ya rasa jawabi. Zai jera wa mai saye uku ko huɗu bisa tebur, ya faɗi nauyin kowace, da yawan harsashin da take ɗauka, da kuɗinta. To, abin da ya kamata malamai da fatake su lura da shi cikin wannan al'amari shi ne, ƙarfen nan da ake ta aunawa shi ne mafi sauƙin abin zaɓe, abubuwan da ke sa mai bindiga ya tsira ko ya halaka kuwa ba a bisa teburin nan suke ba.

Asalin wannan kasuwa doka ce. Tun 1791 aka ƙara wa tsarin mulkin Amurka wani sashe da ya tsare wa mutane haƙƙin mallakar makami da ɗaukarsa. An daɗe ana jayayya bisa ma'anarsa, shin rundunar tsaron gari ake nufi, ko kuwa kowane mutum shi kaɗai. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mutum yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. A watan Yuni na 2022 kuma alƙalai shida cikin tara suka rushe sharaɗin jihar Niyok, wanda ya wajabta wa mai neman lasin ya kawo dalili na musamman kafin a bar shi ya fita waje da bindiga. Kotun ba ta hana jihohi neman lasin ba. Amma jihohi da yawa su da kansu suka yar da shi, Alaska a 2003, Arizona a 2010, Texas a 2021, Florida a 2023, har ya zamana a 2024 jihohi 29 cikin 50 ba su neman takarda ko jarrabawa ga wanda ya kai shekarun da aka ƙayyade, muddin doka ba ta haramta masa mallakar bindiga ba.

Abin mamaki kuwa, kakannin mutanen nan ba haka suke kallon abin ba. A 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka kafa dokar hana ɓoye makami a jiki, alhali ba su hana ɗaukarsa a fili ba. Hujjarsu ita ce, wanda ya rataya makami kowa na gani ya riga ya yi gargaɗi, wanda ya ɓoye kuwa mamaya yake nufi. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan, gama ya san mai rataye da takobi a kafaɗa daban, mai soke wuƙa cikin hannun riga daban. Zatonsu kuma bai faɗi ƙasa banza ba: da wata 'yar bindiga ta aljihu mai harsashi ɗaya, ƙirar Henry Deringer, aka harbe Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasa cikin Afrilu na 1865. Sai a 1987 jihar Florida ta wajabta wa hukuma ba da lasin ɓoye bindiga ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, jihohi da yawa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, Illinois kuwa ita ce ta ƙarshe da ta halatta ɗaukar bindiga a ɓoye, a 2013. Abin da dā ake ce wa halin maha'inci ya koma halin mutumin kirki mai tsare iyalinsa.

Sa'an nan a zo ga ƙarfen kansa, gama ba a hukunta abu sai an san siffarsa. Ƙananan bindigogi iri biyu ne. Akwai libarba, wadda Samuel Colt ya sami takardar mallakar ƙirarta a 1836, mai wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka da ke juyawa, kowane rami da harsashinsa. Irin wadda ake ɓoyewa, kamar wadda kamfanin Smith & Wesson ya fitar a 1950, harsashi biyar take ɗauka. Ba ta cika sarƙewa ba, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai a sake jan kunama na gaba ya zo, amma kunamar da tauri, sake ɗura ta kuma yana cin lokaci. Akwai kuma mai ɗura kanta, wadda harsasanta ke jere cikin wani gida da ake turawa cikin mariƙinta, in an harba ɗaya ƙarfin fashewar ya fid da kwanso ya ɗora wani. Wani mutumin Ostiriya, Gaston Glock, wanda dā ba maƙerin bindiga ba ne, ya ƙera irin wannan da jikin roba mai ƙarfi, tana ɗaukar harsashi 17, sojan ƙasarsa suka zaɓe ta a 1982. Da fari an yi mata ba'a, daga baya aka yi rububin saye. Ƙanwarta Glock 19, ta 1988, mai harsashi 15, nauyinta wajen giram 670 in ba harsashi, ta zama mudun da ake auna sauran da shi.

Mai saye yana son abu uku a wuri ɗaya: bindiga ta ɓuya ƙarƙashin riga, ta ɗauki harsashi da yawa, ta kuma yi daɗin saiti. Ukun nan kuwa kishiyoyi ne, ba su zama ɗaki ɗaya lafiya. Dalili a fili yake. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke tura bindiga baya. Mai nauyi tana shanye wannan shuri, marar nauyi kuwa sai ta zabura cikin hannun mai ita, bakinta ya ɗaga sama, harbi na biyu ya tafi inda ba a aike shi ba. A 2008 kamfanin Ruger ya fitar da wata mai suna LCP, nauyinta bai wuce giram 270 ba, tana ɓacewa cikin aljihun wando, aka saye ta ƙwarai da gaske. Amma mariƙin irin waɗannan gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya kuma ba nisa, saboda haka ɗan karkacen da ido ba ya gani sai ya zama kuskure babba a wurin abin da aka auna. Har wa yau tana sa hannu zafi, kuma mutum ba ya son yawan gwada abin da ke sa masa zafi, sai ya daina zuwa filin koyo. Nan cutar take. Ana miƙa mafi ƙanƙanta ga mafi ƙarancin sani, ga tsoho da mace da sabon shiga, a ce musu ai ita ce mai sauƙi, alhali sauƙinta na ɗauka ne, ba na harbi ba. A 2018 kamfanin SIG Sauer ya fitar da P365, kaurinta inci ɗaya, nauyinta wajen rabin kilo, tana ɗaukar harsashi goma, shekara ta kewayo Springfield ya kawo Hellcat mai sha ɗaya. Maƙera sun sasanta rigimar yawan harsashi, amma ba su iya soke hukuncin nauyi da shuri ba, gama wannan ba a hannunsu yake ba.

Zancen girman harsashi shi ma ya cinye shekaru ana musu, kuma yadda ya ƙare akwai fa'ida a ciki. Ran 11 ga Afrilu, 1986, a birnin Miami, ma'aikata takwas na hukumar bincike ta tarayya, watau FBI, suka yi arangama da 'yan fashi biyu. Aka kashe ma'aikata biyu, aka ji wa biyar rauni, 'yan fashin kuma suka mutu, amma ɗayansu ya ci gaba da harbi bayan harsashi mai kaurin milimita 9 ya shige shi ya tsaya dab da zuciyarsa. Hukumar ta ɗora laifi bisa harsashin, ta koma ga manya, ta kuma kafa ma'auni cewa harsashi ya nutse tsakanin inci 12 da 18 cikin wani daskararren abu da ake kwatanta tsoka da shi. Bayan kusan shekara talatin ta dawo ga milimita 9 ɗin da ta bari, ta ƙulla cinikin sababbin bindigogi da Glock a 2016. Hujjarta ita ce ƙirar harsashi ta inganta, ma'aikatanta kuma sun fi samun abin da suka auna da ƙaramin. Watau hukumar da ta fi kowa kuɗin gwaji ta gano cewa inda harsashi ya sauka ya fi girmansa muhimmanci.

To, sau nawa yake sauka inda aka nufa? Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin Niyok daga 1998 zuwa 2006, ta tarar in ana musayar wuta harsashi 18 ne kawai cikin 100 ke samun wanda aka auna, in kuwa abokin gaba ba ya ramawa, wajen 30. Waɗannan fa mutane ne da aka horar, ana biyansu albashi domin wannan aiki. Sauran harsasan ba komawa cikin bindiga suke yi ba. A watan Agusta na 2012, gaban dogon benen nan na Empire State, 'yan sanda biyu suka harba harsashi 16 ga wani da ya yi kisa, suka kashe shi, amma mutum tara masu wucewa suka ji rauni, dukansu kuwa daga harbin 'yan sandan. In haka ya sami mai horo, yaya ɗan kasuwan da ya sayi tasa jiya ya soke yau? Ga kuma ƙarancin lokaci. A 1983 wani sajan ɗin 'yan sanda, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21 cikin sakan ɗaya da rabi, gwargwadon lokacin da gwani ke bukata ya zaro bindiga ya harba, balle wanda sai ya yaye riga tukuna.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen, gama ba ƙarya ba ne bindigar ɓoye tana ceton rai. Ran 17 ga Yuli, 2022, wani ya buɗe wuta cikin wata babbar kasuwar zamani a garin Greenwood na jihar Indiana, ya kashe mutum uku. Wani saurayi ɗan shekara 22 da ya zo sayayya ya zaro tasa, ya harba goma, takwas suka sami maharin, abin ya ƙare cikin sakan 15. Mutane da yawa sun kwana a gidajensu daren nan saboda shi. Amma shekara ɗaya kafin wannan, a garin Arvada na jihar Colorado, wani mutum ya yi irin wannan jaruntaka, ya harbe wanda ya kashe ɗan sanda, kana ya ɗauki bindigar maharin a hannunsa, ɗan sandan da ya iso bai san wane ne wane ba, ya harbe shi ya mutu. A 2016 kuma, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsai da motar wani baƙar fata mai suna Philando Castile, wanda yake da lasin, ya kuwa faɗa da bakinsa cewa akwai bindiga tare da shi. Aka harbe shi yana zaune cikin motar, kotu ta sallami ɗan sandan a 2017. Babu ɗaya cikin ukun nan da sunan kamfanin bindigarsa ya yanke masa makoma.

Akwai kuma abin da masu talla ba su cika ambata ba. Ranar farmaki wataƙila ba za ta zo ba har mutum ya tsufa, amma sauran kwanaki duka suna zuwa, bindigar kuwa tana nan a ɗure cikin kowannensu, a gida, a mota, a makewayi, a wurin biki. Irin su Glock ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, kunamarsu kuwa nauyin laba biyar da rabi ya isa ya ja ta, saboda haka kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf ya zama rabin bindigar, ko da yake shi ne mai saye ya fi yi wa rowa. A ƙarshen 2014, cikin wani kanti a jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu ya sa hannu cikin jakar mahaifiyarsa, ya taɓa kunama, ya kashe ta. Matar tana da lasin, ta kuma san bindiga tun ƙuruciya. A 2023 masu bincike a filayen jirgin sama na Amurka sun tsinci bindigogi 6,737 cikin kayan hannu na matafiya, 93 cikin 100 a ɗure, uzurin da aka fi ji kuwa shi ne mantuwa. Lissafi mafi nauyi shi ne na hukumar lafiya ta ƙasar: a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, 26,328 daga cikinsu su suka kashe kansu. Fiye da rabi ke nan. Baƙin ciki na dare ɗaya yana wucewa in ba makami kusa, in kuwa yana ƙarƙashin matashi, sau da yawa ba ya ba mutum damar ganin asuba.

Sai mas'alar shari'a, wadda a nan ne ake auna mutum, ba ƙarfe ba. A 2005 jihar Florida ta ɗauke wa mutum wajibcin ja da baya kafin ya yi harbi, in yana wurin da yake da haƙƙin tsayawa kuma yana tsoron halaka. Mutane da yawa suka ɗauki wannan kamar izini ne buɗaɗɗe. A 2018, a garin Clearwater, wani mai lasin ya tsaya yana faɗa da wata mata saboda wurin ajiye mota, abokin zamanta ya fito ya ture shi ya faɗi. Ya zaro bindiga, wancan ya soma ja da baya, shi kuwa ya harba ya kashe shi. Da fari ba a kama shi ba, daga baya aka kai shi kotu, aka nuna hoton abin da ya faru, a 2019 aka ɗaure shi shekara 20. Taku biyu ko uku na ja da baya su suka raba tsakanin kare kai da kisa. Malaman da suka karanci Muhtasar na Shaihu Halilu ba za su ga baƙon abu a nan ba, gama Malikiyya sun daɗe da jera wa mai kare kansa matakai: gargaɗi tukuna ga maharin da ke da hankalin ji, kauce masa in da hanyar kaucewa ba da cutuwa ba, kisa kuwa sai in ya tabbata babu abin da zai kau da shi sai shi. Wahalar bindiga ita ce ba ta san matakai ba. Sanda tana da bugu kaɗan da bugu da yawa, kunama kuwa ja ɗaya ce. Wanda ya ɗauke ta ya wajabta wa kansa haƙurin da ba a wajabta wa marar makami ba, ya ji zagi ya wuce, a ture shi ya tashi ya kakkaɓe riga, domin kowace rigimar da ya shiga akwai bindiga a cikinta, shi ne kuwa ya kawo ta.

Masana ƙasar ba su daidaita ba bisa ko yawan masu ɗaukar bindiga yana rage laifi. Gary Kleck da Marc Gertz sun ƙiyasta a 1995 cewa ana kare kai da bindiga sau miliyan biyu da rabi a shekara, ƙidayar gwamnati kuwa tana ba da abin da bai cika wuce dubu ɗari ba. John Lott ya ce a 1998 laifi yana raguwa, John Donohue da abokansa suka ce a 2019 laifin zub da jini da ƙwace yana ƙaruwa da kashi 13 zuwa 15 cikin 100 bayan shekara goma da sassauta doka. Inda masana suka saɓa har haka, bai kamata maganar mai kanti ta zama hujja ba.

Saboda haka jihohin da suka yar da jarrabawa sun yi kuskure, ko da an sallama musu cewa haƙƙin yana nan. Ba a ba direba mota ya shiga kasuwa sai an gwada shi, ba kuwa wanda ya ce an tauye masa haƙƙin tafiya. Ba-Amurken da ya ƙudurta lalle sai ya ɗauka, ya kamata ya juya tambayar: ya fara da sanin dokar jiharsa, ya binciki fushinsa da halin mutanen gidansa, ya tanadi akwati mai makulli da kube nagari, ya ware kuɗin harsashin koyo na kowane wata, sa'an nan ya je inda ake ba da haya ya gwada da hannunsa, ya ɗauki mafi girman da zai iya ɓoyewa, ba mafi ƙanƙantar da aka nuna masa ba.

Falken da ya ji wannan labari, ya tuna hanyoyin da 'yan fashin daji suka tare, zuciyarsa ta raya masa ya nemi tasa, lalle ya san ƙasa ta bambanta. Cikin watan nan na Yuni 2022 da kotun Amurka ta yi hukuncinta, gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya kira mutanen jiharsa su nemi lasin bindiga, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, tare da gyare-gyarenta, ta kasa bindigogi uku: bindigar toka da 'yan'uwanta, sai bindigar farauta da shugaban 'yan sanda na ƙasa ke ba da lasin ɗinta, sai haramtattu waɗanda ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa. Libarba da duk ƙaramar bindiga cikin kashi na uku suke, hukuncin riƙe su ba izini kuwa ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Masu tare hanya kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, suna zuwa da yawa da manyan bindigogi masu cin nisa, inda ta aljihu ba ta da ta cewa. Wadda dillali zai kawo wa falke a ɓoye ba ta da takarda, ba a san jinin wa ke kanta ba, kuma ko bai taɓa jan kunamarta ba, samunta cikin jakarsa a shingen 'yan sanda ya isa a gurfanar da shi. Haza wassalam.